Motar da Aka Hana wa Fenti

Aubervilliers, 2 ga Satumba

Zuwa ga bawana Malam Maazou,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da 'yarmu Ameena da maigidanta. Yaya gwiwar? Moutari ya ce ya same ka a falo da sanduna biyu kana yi wa likitan da ya yi maka aiki gyara, wai bai ɗaure ƙusar daidai ba. Na ce alhamdu lillahi, tunda bakin ya dawo ƙafar ma tana tafe. Mu nan lafiya lau, Hajiya Zouera na gaishe ka. Da kunnenka na jin salula da ban wahalar da hannuna ba, amma shekara talatin cikin ƙarar injuna ta mayar da mu zamanin takarda. Sai mu gode wa Allah da ya ba mu Moutari da kamiyonsa, babbar motar nan mai kai kaya unguwar Guillotière can wajenku.

Ga abin da ya sa na rubuto. Makon jiya na je wani ƙauye bayan Chartres ɗaukar motoci biyar wurin wata tsohuwa, Madam Françoise, na mijinta ne da ya rasu. Huɗu irin namu ne, Pijo da Toyota, waɗanda in sun sauka Kotonu ba sa kwana. Ta biyar tana can ƙuryar rumbu ƙarƙashin tamfol, kaji sun mayar da ita gidansu. Koriya ce da ta koɗe, doguwa, mai faɗi, amma ƙofa biyu gare ta kacal, kuma ba ta da fitilar gaba ko ɗaya, na duba har da durƙusawa. An rubuta Charger a gefenta. Tsohuwar ta ce mijin ya zo da ita daga Kanada a 1975, ya rufe ta a 1981, tun ranar ba ta motsa ba.

Na yi ta tunanin wanda zai so ta a Maradi. Mai iyali ba zai shiga mota mai ƙofa biyu ba, mai taksi kuwa sai ya zage ni. Sai na tuna akwai wani Badamagare a Bron da bangon ɗakinsa ke cike da hotunan irin waɗannan tsofaffi. Ga hotuna uku nan na sa maka. In ta yi maka, taka ce, kyauta. Kakata da kakanka ciki ɗaya suka fito, ba zan zuba ido ka tsufa kana goge motocin mutane ba ka da ko taya ɗaya taka ba.

Ubangidanka,
Alhaji Siddiq

*

Bron, 6 ga Satumba

Zuwa ga Alhaji Siddiq,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka, na ji daɗin jin kuna lafiya. A gaishe mini da Hajiya. Gwiwa da sauƙi, ina kai wa bakin taga in dawo, amma likita ya hana ni hawa jirgin ƙasa ko doguwar tafiya sai bayan wata biyu. Batun wane ne bawan wani kuwa, sai mun haɗu.

Alhaji, da na buɗe hotunan sai da Ameena ta kawo mini ruwa. Ka san abin da kaji suka yi shekara arba'in suna kwana a kai? Dodge Charger ce ta 1969. Fitilunta na nan, ɗan Maradi, suna ɓoye bayan ragar gaba, sai an kunna murfinsu ke buɗewa. Haruffan nan biyu, R/T, da ratsin da ya zagaye ƙugunta, su ke nuna tana da babban inji, silinda takwas, lita bakwai da ɗoriya, ƙarfin doki ɗari uku da saba'in da biyar.

Bari in ba ka tarihin, ko da yake na san za ka tsallake. Wajen 1964 masu ƙera mota a Amirka suka fara ɗaukar injin manyan motoci suna cusawa cikin matsakaiciya, don samari masu ɗan aikin yi su iya saye. Su suka sa musu suna motoci masu ƙwanji. A lokacin esansi, wato fetur, ba ya da tsada, kowane kamfani na son nasa ya fi na maƙwabci ruri. Abin bai kai shekara goma ba. Masu inshora suka tsananta, aka kafa dokokin hayaƙi, sannan rikicin mai na 1973 ya ƙarasa su. Samari sun farfasa da yawa, tsatsa ta ci da yawa, shi ya sa masu tara tsofaffin motoci ke neman ragowar ido rufe. Amana ta sa in faɗa maka gaskiya: wannan ɗaya ta fi duk abin da ke filinka daraja. In ka sake tunani, wallahi ba zan ji komai ba.

In kuwa kana kan bakanka, ga abin da ke raina. Ka san ƙungiyar masu tsofaffin motoci da nake yi wa gyara a nan Lyon. Duk Nuwamba akwai baje koli babba kusa da mu, kuma shekara goma sha tara ke nan ina zuwa da tsumma a aljihu, ina tsaye a bayan motocin wasu. Jiya shugaban ƙungiyar, Christophe, ya zo duba ni, na nuna masa hotunan. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, sannan ya ce akwai gurbi ɗaya na motar da aka fito da ita daga rumbu, in ina so nawa ne, da sunana a kan allo. Ban taɓa ganin sunana a kan allon nan ba, kuma ina so ƙwarai.

Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara buɗi, ya raya zuri'a. Don Allah kada ka wahalar da kanka da komai a kanta. Abin da ka yi ya isa, ya ma yi yawa. Ka bar ta yadda take, haka nan ma ta yi mini.

Naka,
Maazou

*

Aubervilliers, 13 ga Satumba

Malam Maazou,

Bayan gaisuwa da fatan ƙarin sauƙi. Hajiya ta ɗan yi mura amma ta warware. Na karanta darasinka, ban tsallake ko layi ɗaya ba, sai dai na yi gyangyaɗi wajen 1973. Maganar in sake tunani kuwa, kada ka ƙara. Ni ban taɓa ba da abu na dawo ina leƙensa ba.

Na kuma ga inda ka ce kada in wahalar da kaina. Allah sarki, kunyar Damagaram. Ai bara da na zo Bron haka na ce wa Ameena, kada ta ɗora tukunya saboda ni, kuma da ta kuskura ta bi maganata da har yau ina ba da labarinta a masallaci. Mun san wannan yaren, tare muka tashi a cikinsa.

Yanzu da na ji za a kai ta gaban jama'a da sunanka a kai, abin ya zama nawa. Shekara ashirin da shida ina tura motoci gida, ko wadda za ta ƙare a hanyar Dakoro ba ta barin hannuna sai an wanke ta, an shafe tsatsa, an yi mata fenti. Sai motar ɗan'uwana ce za ta fita gaban Turawa da kashin kaji? Su ce wane ne ya ba shi wannan? A ce wani Alhaji ne a Paris? A'a.

Na riga na kai ta garajin Mamadu a La Courneuve, shi ke yi mini gyaran jiki da fenti. Za a kankare koren nan a yi mata baƙi mai ƙyalli. Kujerun sun tsage, za a zubar a sa na fata masu ruwan madara. Injin kuwa, tunda ka ce shan esansi ne ya kashe kasuwarsu, na yi maganin abin: akwai injin Marsandi mai gazuwal, wato dizal, da zai zo daga Anvers, a ɗora mata shi ka huta. Na ce a sa rediyo mai allo.

Jibi zan tashi Kotonu, kwantenoni biyu sun iso, sai na yi mako uku. Kafin in dawo ta zama amarya. Kada ka yi godiya, ka adana ƙarfinka.

Alhaji Siddiq

*

Bron, 16 ga Satumba

Alhaji,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Gaisuwar yau gajera ce, ka yafe ni.

Da takardarka ta iso na sa Ameena ta kira ka nan take. Ta ce ta same ka a filin jirgi, ta faɗa maka Baba ya ce a tsaya, kai kuma ka yi dariya ka ce, «To, na ji, na ji, ki ce ma tsohon ya kwanta ya huta,» ka kashe. Lambar Mamadu ba mu da ita. Saboda haka zan ajiye ladabi gefe in yi maka magana irin wadda ban taɓa yi wa wanda ya ba ni kyauta ba.

Ba kunya nake ji ba. Ba na son fentinka. Ba na son kujerunka. Injin Marsandi kuwa, in ya shiga cikinta, ka kashe ta.

Ka saurara da kyau. A kasuwarku mota tana daraja in ta yi kama da sabuwa. A wurin mutanen nan tana daraja in ta kasance ita ce, da kayan da aka haife ta da su. Akwai lamba da aka buga a jikin injin tun a masana'anta, ita ce ke kan motar. In lambobin sun dace, an san injin da ya fito da ita ne ke cikinta har yau, kuma kaɗan ne suka rage haka. Koren nan da ya koɗe, wani ma'aikaci ne ya fesa shi a 1969. Kowa na iya yin sabon fenti gobe, amma wancan in an kankare shi ya tafi ke nan. Kujerar baya kuma, sau da yawa ma'aikatan sukan cusa wata takarda cikin wayoyin ƙarƙashinta, mai ɗauke da duk abin da aka sa wa motar ranar da aka haɗa ta. In tana nan, ita ce takardar haihuwarta, kai kuma ka ce a kai bola.

Gurbin da Christophe ya ba ni na motar da ba a taɓa ba ne. Ko ƙurar ma ya ce kada a wanke. In ta zo baƙa mai ƙyalli da rediyo mai allo, ko ƙofar zauren ba za ta shiga ba.

Na san alheri ka nufa, shi ne ma abin da ke ci mini rai. Don girman Allah ka kira Mamadu ya ajiye kayan aikinsa.

Maazou

*

Bron, 3 ga Oktoba

Alhaji Siddiq,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ajiye sanda ɗaya, saura ɗaya.

Kwana goma sha bakwai ke nan ban ji daga gare ka ba. Moutari ya rantse ya miƙa takardar a shagonka. Ameena ta tura saƙo ta salula har sau uku, shiru. Christophe ya tambaye ni sau biyu ko ya buga allon, na ce ya dakata.

Ban san wanne zan fi tsoro ba, ko takardar ba ta same ka ba, ko ta same ka ta ɓata maka rai. Na sake karanta kwafin da ke hannuna, na ga ko addu'a ɗaya ban sa a ciki ba. Mutum ya ba ka abin da ka yi shekaru kana mafarki, ka mayar masa da «ba na so» har sau biyu. In motar ta riga ta zama baƙa, ta zama, zan karɓe ta da hannu biyu in hau ta zuwa Juma'a. Amma ka rubuto, ko zagi ne.

Ɗan'uwanka,
Maazou

*

Aubervilliers, 9 ga Oktoba

Zuwa ga Malam Maazou marar kunya,

Assalamu alaikum. Na dawo shekaranjiya lafiya, sai gajiya da baƙin da rana ta ƙara mini. Madalla da jin sanda ta ragu. Ka sha ruwa ka zauna kafin ka ci gaba.

Takardarka ta farko cikin biyun nan ta yi kwana goma sha takwas a kan teburina, don ba wanda zai buɗe wasiƙar maigida ba ya nan. Salulata ta Faransa kuwa tana cikin akwati a kashe tun da na sauka. Da ta biyun ta iso, Hajiya ta ga ambulan biyu da rubutunka, ta ce ba lafiya ba. Ta kira ni a layin Kotonu, na ce ta buɗe ta karanta mini. Ina tsaye a tashar jirgin ruwa, hayaniya ko'ina, tana karanto mini «ba na son fentinka». Gaskiya na ji zafi. Duk da haka na ce mata, ai Maazou ne, kunya ce ta yi masa yawa har ta koma faɗa. Ka san abin da ta ce? «Alhaji, mai kunya layi guda yake rubutawa. Wanda ya cika takarda da lambar inji da wayar kujera, da gaske yake.» Na kira Mamadu bai ɗauka ba, ita kuwa ba ta jira ni ba, ta yafa mayafi ta hau metro, jirgin ƙasan cikin gari.

Ga abin da ta tarar. Injin Marsandi bai iso ba, saboda haka naka na nan inda yake. Mamadu aiki ya yi masa yawa, sai ranar da safe ya fara taɓa ta, yau ne karo na farko da na yi wa jinkirin bakanike addu'a. Kujerun an riga an fitar da su tsakar garaji, motar shara ake jira. Shi kuma yana durƙushe gefen ƙofar direba da injin kankara a hannu yana aiki. Ta yi masa magana bai ji ba, sai ta bi waya ta zare ta daga bango. Ya ce Alhaji ne ya ba shi umarni, ba zai tsaya ba sai ya ji daga bakin Alhaji. Sai ta je ta zauna a kan kujerar bayan nan mai ƙura, da leshinta na fita, ta ce ita da kujerar tare za a zuba su a shara. Awa biyu ta yi a wurin kafin a same ni.

Takardar haihuwar motarka tana nan. Mamadu da kansa ya kifa kujerar ya zaro ta daga cikin wayoyi, ta yi ja, ɓera ya ci kusurwa ɗaya, amma ana karanta ta. Hajiya ta sa ta cikin leda ta ajiye tare da fasfo ɗinmu. Lambobin inji ma na sa an duba da tocila, sun dace.

Saura abin da ba na son rubutawa. A ƙofar direba akwai wuri kamar faɗin faranti da ya riga ya kankare har ƙarfe. Na tsaya na dube shi jiya. Laifina ne, ka faɗa mini tun farko na ƙi ji. Ban ji haushin takardarka ba, sai haushin kaina.

Ranar ashirin ga wata za a ɗoro ta a mota mai ɗaukar motoci, da ƙurarta da kashin kajinta. Ka ce wa Christophe ya buga allo. Ni ma zan zo in ga masu biyan kuɗin ƙofa don kallon tsatsa.

Alhaji Siddiq

*

Bron, 12 ga Nuwamba

Zuwa ga Hajiya Zouera,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ta girmamawa, da fatan Alhaji ya iso gida lafiya ya same ku lafiya. Ni na jefar da sanda ta biyu. Ameena na gaishe ki, ta ce yajin ya iso. Na rubuto miki ne ke, don na san in ya ba ki labari zai rage wani wuri ya ƙara wani.

Motar ta tashi, Hajiya. Mako biyu muka yi ni da Christophe muna lallashin injin, mun zuba masa mai ta kowace kafa, muna juya shi da hannu kaɗan-kaɗan. Ranar da ya kama, maƙwabcin garajin ya fito da gudu yana tambaya me ya fashe.

A zauren baje kolin an ajiye ta tsakanin motoci masu sheƙi, amma wurinta mutane suka fi taruwa. Takardar da kika ceto tana cikin gilashi a gefe, wani tsoho ya yi rabin awa yana karanta ta da tabarau biyu. Allon kuwa yana gaba, an rubuta Dodge Charger R/T 1969, a ƙasa Maazou Abdulrazak. Na karanta shi ya fi sau ashirin. Ban ji kunyar hawayen da na yi ba, farin ciki ne tsantsa.

Yanzu ga labarin mijinki. Ya iso da babbar riga fara mai aiki, ya fi motocin ɗaukar ido. Mutumin da ya so a kankare ta, shi ne ya zama mai gadinta. Wata mata ta miƙa yatsa za ta taɓa ƙurar, sai ga shi a kanta: «On ne touche pas, madame, ba a taɓawa, ƙurar ta 1981 ce.» Na same shi yana ba wasu samari tarihin rikicin mai, da shekarun duk a birkice, na ƙyale shi.

Sai a rana ta biyu na lura da wani abu. Duk inda ya zagaya, yakan dawo ya tsaya wuri ɗaya, jikin ƙofar direba, ya baza rigar. Ko abinci sai dai a kawo masa can. Kwana biyu yana tsaye yana rufe wurin da aka kankare, don kada wani ya gani ya rage mini daraja. Christophe ma ya lura, ya raɗa mini a rubuce, saboda kunnena, cewa ya san mai fentin da zai shafe wurin ba wanda zai gane.

Na ce a'a. Rana ta uku, jama'a sun cika, na kama hannun Alhaji na janye shi gefe. Ya turje, na ce ya matsa ko in kira ki. Wani mutum ya nuna wurin ya tambayi abin da ya same ta. Na ce masa mutum uku ne suka bar hannunsu a motar nan: wanda ya fesa mata kore a Amirka, da wanda ya rufe ta a rumbu, da wannan da ke tsaye, wanda ya ba ni ita kyauta kuma ya so ya ƙara mini fiye da haka. Mutumin ya miƙa wa Alhaji hannu. Alhaji ya karɓa, sannan ya juya mana baya ya daɗe yana gyara hula.

Na shafa wa wurin man hana tsatsa, iyakar abin da za a yi masa ke nan muddin ina raye. Ki faɗa masa haka, don ni in na faɗa zai ce kunya ce.

Allah ya saka miki da alheri, ya bar zumunci.

Naku,
Maazou